Gabi: Bindigar toka a gaban AK-47, da abin da maharba suka sani game da ita

Duk wanda ya san ƙaramar hukumar Gabi da ke gundumar Madarunfa a jihar Maradi ya san abu biyu ne suka sa ta gaba: dajin Baban Rafi, da kuma iyakar Najeriya da ta haɗa yankin da Jibiya ta jihar Katsina. A da dajin arziki ne, a samu itace, kiwo da farauta. Yanzu ya zama maɓoyar 'yan bindiga masu kore shanu da satar mutane don kuɗin fansa. Tun shekarar 2019 da dubun-dubatar 'yan Najeriya suka tsero zuwa jihar Maradi, har aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka, Cadakori da Ɗan Daji Makaho, matsalar ta daina zama labarin ƙetare.

Shi ya sa zancen bindiga ya shiga hirar majalisa, ya kuma bi waya ya isa ga matasan da ke ci-rani a Legas, Abijan ko Libiya. Idan aka kira ka daga gida aka ce ana karo-karo don a sama wa 'yan sintiri makami, ya kamata ka san abin da kuɗinka zai saya.

Abin da hannun talaka ke kaiwa gare shi dai ita ce bindigar toka, wadda maƙeran gida ke ƙerawa. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a harba sau ɗaya, sannan a tsaya a sake ɗuri. Ba banza ba Bahaushe ya raɗa mata suna harba-ka-ruga. Maharbin da ya daɗe da ita a kafaɗa ya fi kowa sanin halinta, kuma abin da ya koya a daji ba mai daɗin ji ba ne. Da damina albarushi kan sha laima ya ƙi tashi. Harbinta ba ya nisa. Bututun kuwa sau da yawa ba ƙarfen da aka yi don bindiga ba ne, yana iya tsagewa a hannun mai shi ya tafi da yatsu ko ido. Abin takaicin ma, damina ita ce lokacin da maharan suka fi sakewa, domin gero da dawa sun yi tsawo, daji ya rufe, hanyoyin mota sun lalace.

Maharbi yana iya zama da waɗannan aibobi saboda gada da zabo ba sa ramawa. Shi ke zaɓen lokaci, shi ke laɓewa, in ya kuskure ya koma gida hannu rabbana, shi ke nan. Tsaron gari ba haka yake ba. Maharan ne ke zaɓen dare, su zo bisa babura da yawa, riƙe da AK-47 da ke cin harsashi 30 a ɗuri guda. Irin waɗannan makamai sun ƙara yawa a yankin Sahel bayan rushewar gwamnatin Gaddafi a Libiya a 2011. Saurayin da bai taɓa harbi ba sai ranar da aka miƙa masa bindiga, a cikin duhu da ruɗani yana iya zama haɗari ga abokin sintirinsa kafin ya zama haɗari ga ɓarawo.

Wani zai ce to a nemi irin tasu mana. A nan doka take tsayawa a gaba. A Nijar ba a mallakar bindiga sai da izinin hukuma, makamin yaƙi kuwa na jami'an tsaro ne kaɗai. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI, kuma a Agadas an taɓa cinna wa bindigogi sama da dubu wuta a bainar jama'a ranar 25 ga Satumba, 2000, bayan kawo ƙarshen tawaye. Wanda ya sayi bindiga a bayan fage bai san tarihinta ba, bai san ko da ita aka kashe wani ba. Harsashin da aka sayar masa ma bai san shekara nawa ya yi a binne ba, ba kuma wurin da zai kai ƙara. In jandarmomi suka same ta a ɗakinsa, da wuya a bambance shi da waɗanda yake gudu. Sannan kuɗin nasa na iya ƙarewa a aljihun dillalin da ke sayar wa 'yan dajin.

Maƙwabta sun riga sun bi wannan hanya. A Zamfara, 'yan sa-kai sun fara ne da niyyar kare garuruwa, amma kisan da wasunsu suka riƙa yi wa Fulani ba tare da shari'a ba ya haifar da ramuwar gayya da ta ci ƙauyuka. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga suka afka wa taron 'yan banga a 'Yar Galadima ta ƙaramar hukumar Maru, suka kashe mutane masu yawa, wasu rahotanni suka ce sun haura 100. A nan gida Nijar ma, a farkon Nuwambar 2021, magajin garin Banibangu a jihar Tillaberi ya fita da 'yan kwamitin sa-ido don bin sawun maharan, aka yi musu kwanton ɓauna, gwamnati ta tabbatar da mutuwar mutum 69 har da shi. Waɗannan mutane ba jarumta suka rasa ba.

A watan Yunin 2022 gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu. Babban hafsan tsaron Najeriya na wancan lokaci, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Daga baya jihohin suka sauya salo. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa na Katsina ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai horo da albashi, da ke aiki tare da jami'an tsaro, Zamfara ma ta kafa Askarawa a Janairun 2024. Hare-hare ba su ƙare ba, amma aƙalla an san wa ke riƙe da makami da wanda zai amsa tambaya in an yi kuskure.

A ganina abin da maharban yankin Gabi suka fi kowa ƙwarewa a kai ba harbi ba ne. Sun san dajin Baban Rafi lungu-lungu, sun san mashaya, suna karanta sawun babur da na shanu su faɗa maka yaushe aka wuce da inda aka nufa. Sojojin rundunar Farautar Bushiya da ke sintiri a jihar Maradi suna da manyan makamai, amma yawancinsu ba a wannan daji suka tashi ba. Mai aiko da kuɗi daga ci-rani yana iya tambaya ko 'yan sintirin garinsu suna da wayar da ke da caji da kati cikin dare, ko suna da lambar jandarmomi mafi kusa, ko kuma hakimi da magajin gari sun san da zamansu.