Karatun OT: shakkun da na yi da kuma inda aikin ya kai ni

Makon jiya wata ƙanwar ƙawata da ke Sabon Shagamu ta kira ni, murya duk a sanyaye. Likitanci ta nema a JAMB, makinta bai kai ba, sai jami'a ta ba ta wani kwas da ko sunansa ba ta taɓa ji ba, wato okupeshinal terapi, wanda a asibiti ake taƙaitawa da OT. Ta ce, "Anti, don Allah ki faɗa min tsakaninki da Allah, in karɓa ko in sake zama JAMB? Baba ya ce shi bai ga inda ake cin abinci da wannan abu ba." Kusan maganar da mahaifina ya yi min ke nan a gidanmu na Agege lokacin da tawa takardar ta fito. Na ce mata zan rubuta amsar a nan, don na san ba ita kaɗai ba ce.

Sunan ne ma ke fara ruɗa mutane. Wanda ya ji Turanci sai ya ɗauka samar wa mutane sana'a muke yi, wanda bai ji ba kuma ya haɗa mu da masu gashin ƙashi, wato fisiyo. Tare muke aiki da su, amma tambayarmu daban ce. Idan Hajiya ta samu shanyewar ɓarin jiki, mai fisiyo zai dage kan ƙarfin ƙafa da hannu, da yadda za ta miƙe ta taka. Ni kuwa abin da nake tambaya shi ne: da hannun nan guda da ya rage mata, yaya za ta yi alwala, ta ɗaura zani, ta kai loma baki, ta zagaya bayi ba sai surukarta ta riƙe ta ba? Haka yaron da shawara ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yana jariri, ko ɗan acaɓar da ya rasa yatsu a hatsari, ko wanda ya fito daga asibitin ƙwaƙwalwa yana son komawa rumfarsa a kasuwa. Duk abin da mutum ke yi daga asuba zuwa kwanciya, shi ne fagenmu.

Ba sabon fanni ba ne. A Amurka aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki ta farko a 1917, ya kuma bunƙasa wajen kula da sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ƙungiyar duniya, WFOT, an kafa ta a 1952. A nan gida ma tunanin ba baƙo ba ne: a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara tsarinsa na Aro a Abeokuta, inda masu taɓin hankali ke zama a ƙauyukan kusa da asibiti tare da danginsu, suna shiga harkokin jama'a maimakon a kulle su a ɗaki. A yau hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, ita ke yi mana rajista tare da masu fisiyo da masu gyaran magana da ji. Ana yin digirinsa a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, akwai kuma makarantar tarayya a Oshodi mai ba da difloma.

To, shakku fa? Na yi su, kuma ba zan ce mata ba su da tushe ba. Sashen OT ba a kowane asibiti yake ba. Galibi sai manyan asibitocin koyarwa, da na ƙashi irin Igbobi da Inugu da Dala, da na ƙwaƙwalwa irin Yaba da Aro. Gurbin kaɗan ne, wanda ya samu kuma ba ya tashi sai ritaya ko in ya bar ƙasar. Ni bayan bautar ƙasa sai da na fi shekara ina yawo da takardu a danfo. Da ƙyar wani asibitin kuɗi ya ɗauke ni, shi ma ashe ba su san me suka ɗauka ba: da safe in zauna wajen karɓar kati, da rana a ce in je in matsa wa wani baya. Wata shida na yi na ajiye. A gida kuma in an tashi gabatar da ni wajen biki, Inna sai ta ce "tana aikin asibiti" ta yi shiru, don ita ma ba ta san yadda za ta ƙarasa ba. Wallahi akwai daren da na buɗe shafin JAMB da niyyar in fara komai daga farko.

Abin da ya juya min tunani a layinmu ya faru. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, mai sayar da waina tun ina ƙarama, ta samu shanyewar ɓarin jiki. An sallame ta daga asibiti da magani da takardar ranar dawowa, shi ke nan. Na shiga gaishe ta na tarar an shimfiɗe ta a tabarma, ana ba ta abinci a baki, ita kuma sai hawaye. Na ce, "Hajiya, me ya fi damun ki?" Na zaci za ta ce tafiya. Ta ce, "'Yar nan, tsarki. Jikata ce ke min." Masansu na tsuguno ne, ba ta iya sauka. Washegari na kai wa mai walda na bakin titi zane, ya haɗa kujera mai rami da madafa biyu, muka ɗora a kan masan. Na naɗa robar tayar keke a ƙotar cokali ya yi kauri, na koya mata sa riga ta fara da hannun da ya mutu, ta cire shi a ƙarshe, da yadda za ta riƙe buta a tsakanin gwiwa. Bayan 'yan makonni tana alwala da kanta, tana sallah a kujera. Wainar dai ba ta koma suya ba, amma takan zauna a bakin kaskon tana karɓar kuɗi tana faɗa da yara.

Daga nan labari ya bazu. Yau yawancin aikina bi gida-gida ne, Agege, Idi-Araba, wani lokaci har Mile 12. A nan na gane wani abu da ba a koya mana a aji ba: mace mai jin Hausa da Yarbanci da Turanci, wadda za a bari ta shiga ɗakin matan kulle, ta fahimci abin da tsohuwa ke jin kunyar faɗa wa likita namiji, ba ta da yawa a kurmi. Abin da na ɗauka rauni ne, wato tasowa a zango, shi ya zama jarina.

Amma kar in yi mata daɗin baki. Kuɗin wannan hanya ba na wata-wata ba ne. Wata guda ka samu, wata guda ka ji shiru. Gosulon Legas na iya cinye maka yini a kan majinyaci biyu. Mutanenmu kuma sun fi ganin ƙimar allura da ƙarin ruwa. In ka shafe awa kana koya wa mutum ɓalla maɓalli, sai ɗansa ya ce ai wannan su ma za su iya, a rage kuɗi. Wasu sai sun gama da mai ɗori da mai tofi, gaɓa ta sandare, sannan a neme ka. Sannan dole lasisinka na MRTB ya kasance da rai, kana sabunta shi, kuma ka san iyakarka: ba ma rubuta magani, in na ga hawan jini ya tashi ko ciwo ya buɗe a baya saboda kwanciya, asibiti nake mayar da mutum. Mace kuma ba ta shiga gidan da ba ta sani ba ita kaɗai, wannan ko ba a faɗa ba.

Abokan karatuna kowa da inda ya faɗa. Waɗanda suka fi samu a cikinmu masu aikin yara ne, a makarantun yara masu buƙata ta musamman da cibiyoyin da ke kula da masu galahanga, musamman wajen Ikeja da Lekki inda iyaye ke biya. Wani ya koma haɗa kujerun zama na yaran da wuyansu bai tsaya ba, shi da kafintoci biyu, yana tallata su a Instagram. Wata tana wani kamfani tana duba yadda ma'aikata ke zama da ɗaukar kaya, da yadda wanda ya ji rauni zai dawo bakin aiki; dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF ke gudanarwa, ta tanadi irin wannan farfaɗowa. Akwai kuma dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika, kowa dai yana ganin matakalan bankuna da masallatanmu yadda suke. A ganina aikin duba gine-gine zai zo, amma ba zan ce wa yarinya ta ɗora rayuwarta a kansa yanzu ba. Masu fita waje kuwa, Ingila suka fi nufa, inda sai ka yi rajista da hukumar HCPC ka ci jarrabawar Turanci. Duk mai wannan buri ya tambaya tun kafin ya biya kuɗin makaranta: digiri ne ko difloma, kuma WFOT ta amince da kwas ɗin? Bambancin yana bin mutum har matakin albashi.

Abin da na ce wa yarinyar a waya shi ne, in zuciyarta na kan tiyata da farin kwat, kuma ba za ta iya jure wata uku tana jiran yaro ya koyi riƙe kofi ba, ta sake zama JAMB, ba laifi ba ne. In kuwa sunan ne kawai da maganar mutane ke damun ta, kar ta yanke hukunci sai ta gani da idonta. Ta ce za ta shigo Legas ranar Litinin. Ina da wani dattijo a Idi-Araba da muke koyon hawa matakalar masallaci da sanda, da ita za mu je, na kuma ce ta taho da Baban nata in zai yarda.