Nafada: garin da ke gwiwar Kogin Gongola, da ƙidayar da ta tsufa

Matafiyin da ya bar Potiskum ya nufi kudu ta hanyar Gombe zai ratsa ƙasar Fika, har ya iso Ngalda, garin kasuwar hatsi da dabbobi da ke bakin iyakar Jihar Yobe. Nan kusa, a ɓangaren Jihar Gombe, akwai Nafada, tsohon gari a gaɓar Kogin Gongola. A takardun Abuja garuruwan biyu na jihohi daban-daban ne, kowanne da layinsa a kasafin kuɗi. A ƙasa kuwa kogi ɗaya suke sha, kuma Bolawan Nafada 'yan'uwan Bolawan Fika da Potiskum ne.

Wurin da Nafada take ya cancanci a tsaya a dube shi. Gongola ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi yana fuskantar arewa maso gabas, kamar Tafkin Chadi ya nufa. Da ya iso Nafada sai ya yi gwiwa, ya juya kudu, ya bi ta Dadin Kowa da Kiri har ya faɗa Binuwai a Numan. Masana yanayin ƙasa na cewa a wani zamani mai nisa kogin yakan zarce ne zuwa Chadi, kafin ruwansa ya karkata. Da damina yakan cika ya batse, ya malale fadamun da ke gefensa. Da rani kuwa yakan janye ya bar faffaɗan yashi da ƙasa mai laima, inda ake noman rani, makiyaya kuma su gangaro da shanunsu su shayar. Kan tudu gero da dawa da wake da gyaɗa ake nomawa.

Wannan gwiwar ce ta ɗaga darajar garin a farkon mulkin Turawa. Bayan yaƙin Burmi na ranar 27 ga Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasa ransa, Turawan Ingila sun mai da hankali kan wannan yanki, suka girke sojoji a Nafada. Kayan da za a kai Borno kuwa akan hauro da su ta Binuwai da Gongola idan ruwa ya cika, a sauke a nan, a ci gaba da tafiya ta ƙasa. A 1913 aka ɗauko hedikwatar masarautar Gombe daga Gombe Abba aka kawo ta Nafada. Shekara 6 kacal ta yi. A 1919 aka mayar da ita Doma, wurin da ya zama birnin Gombe na yau. Makamancin haka ya sami Fika, wadda aka ɗauke fadar sarkinta zuwa Potiskum a 1924, garin da ke kan babbar hanyar Borno.

Daga nan hanya ta karɓi aikin kogi. Layin dogon da ya isa Maiduguri a 1964 ya bi ta Gombe da Bajoga, kamfanin siminti ya kafu a Ashaka, madatsar ruwa ta tashi a Dadin Kowa a 1984. Duka a kan Gongola ko kusa da shi suke, amma ba ko ɗaya a Nafada. Ma'aikatan Majalisar Tarayya sun fi sanin sunan garin ta bakin Usman Bayero Nafada, wanda ya riƙe muƙamin Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai daga 2007 zuwa 2011.

To, mutum nawa ne a Nafada? Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar kimanin mutum 140,000 a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 1,586, wato ƙasa da mutum 90 a kowane murabba'in kilomita. Ƙaramar hukumar Potiskum kuwa ta haura 200,000 a murabba'in kilomita 559, sama da mutum 360 ke nan a kowanne. Bambancin yana da ma'ana ga duk wanda aikinsa ya shafi tsara asibiti ko makaranta. A Potiskum gini ɗaya kan iya wadatar da unguwanni da dama. A Nafada jama'a a warwatse suke, ƙauye nan, ruga can, kuma da damina wanda ke hayi sai ya jira mai fito.

Sai dai wannan adadi na ƙaramar hukuma ne gaba ɗayanta. Sakamakon 2006 da aka wallafa ya tsaya a matakin ƙananan hukumomi, bai sauka zuwa gari-gari ba, saɓanin ƙidayar 1991. Haka kuma ba a tambayi ƙabila ko addini ba. Wanda yake son ya fahimci su wane ne mazauna yankin, sunayen mazaɓu ma za su fi yi masa bayani: akwai Birin Bolewa, akwai Birin Fulani. Hausa ce dai harshen kasuwa da tasha, kamar yadda take a Potiskum tsakanin Ngizim da Karekare da Bolawa.

Tun daga 2006 ba a sake ƙirga kowa ba. Ƙidayar da aka shirya yi daga 3 zuwa 7 ga Mayun 2023 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Abin da ofisoshi ke amfani da shi hasashe ne: a ɗauki tsohon adadi a riƙa ƙara masa kimanin kashi 3 cikin 100 kowace shekara. Irin wannan lissafi yana ɗauka cewa kowa na nan inda aka bar shi. Alhali a 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya mamaye Gujba da Gulani a kudancin Yobe, dubban mutane sun bar gidajensu, wasu suka tsallaka Jihar Gombe, kuma a Nuwamban shekarar an kai hari Nafada kanta da Ashaka. Hasashen da aka yi a kan tebur bai san wanda ya koma gida da wanda ya zauna ba.

Batun ba na masana kaɗai ba ne, na kuɗi ne. A tsarin rabon kason jihohi da na ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, yawan jama'a ke ɗaukar kashi 30 cikin 100, raba-daidai kashi 40, faɗin ƙasa da yanayinta kashi 10. Yawan allurar rigakafin da za a aika, da gidan sauro, da buhunan taki, duk daga wancan adadi ake faro su. Idan ya yi ƙasa, kaya su ƙare kafin layi ya ƙare. Idan ya yi sama, rarar ta bi inda ta bi.

Garin bakin kogi kuma yana da wata matsala tasa. Yawan mutanensa na hawa da sauka da ruwa. An yi ƙidayar 2006 ne a watan Maris, tsakiyar rani, lokacin da makiyaya ke bakin ruwa, matasa da yawa kuma sun tafi cin rani birane. Ambaliya kuwa a Agusta da Satumba take zuwa, lokacin da kowa ya dawo gona. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a faɗin Najeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, jami'an agaji a wurare da dama sun dogara ne da masu unguwanni da dagatai wajen sanin gida nawa ruwa ya ci.

Kowace shekara Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya, ta lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, NEMA kuma ta aika gargaɗi ga jihohi. A gwiwar Gongola gargaɗin kan rabu biyu: na Nafada ya bi ta Gombe, na Ngalda ya bi ta Damaturu, ruwan da ya taso daga Jos kuma ya iso musu a dare ɗaya.