Littattafan Noman Lambun Gida: Jagora Ga Al'ummar Anka, Gummi da Bukkuyum

Noman lambu tsohuwar sana'a ce a wannan yanki, musamman a fadamun da ke bakin Gulbin Zamfara. Sai dai magidanta da dama ba su san cewa ɗan filin bayan ɗaki na iya wadatar da gida da kayan miya ba. Wannan bayani zai nuna irin littattafan da ya dace a nema a ɗakunan karatu ko wajen malaman gona.

Masu fara koyo

Wanda bai taɓa yin lambu ba ya fara da ƙananan littattafai masu hotuna. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana wallafa irin waɗannan ƙasidu domin manoma. A cikinsu mai karatu zai koyi yadda ake gyara fangali, da yadda ake renon irin tumatir na kimanin mako 4 kafin a yi dashe, da kuma dalilin da ya sa ba a zuba ɗanyen kashin dabbobi a gindin shuka sai ya ruɓe. Ya kyautu a soma da alayyafo, wanda ake yanka cikin kimanin wata 1, sannan kuɓewa da yakuwa.

Waɗanda suka ƙware

Tsofaffin hannu su nemi littattafan da suka yi bayanin cututtuka da ƙwari, da sauya shuka a fili ɗaya, da adana iri. Akwai sakamakon binciken Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro a 1922, da na cibiyar NIHORT ta Ibadan da aka kafa a 1975 domin kayan lambu da na marmari. A riƙa duba shekarar da aka buga littafi, domin tsofaffi ba su ambaci tsutsar Tuta absoluta ba, wadda ta lalata tumatir a Kano da Kaduna a 2016.

Littattafan ƙasashen waje

Littafin da aka rubuta a Ingila ko Amurka yana bin yanayin can ne. A ɗauki dabarunsa na haɗa taki da ban-ruwa, amma kada a bi jadawalinsa na shuka. A nan, latas da karas da kabeji da albasa sun fi kyau a lokacin hunturu, yayin da zafin bazara ke kakkaɓe furen tumatir.

Gargaɗi kan gubar dalma

Akwai abin da yawancin littattafan ba su tanada ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. An kankare gurɓatacciyar ƙasa aka zuba sabuwa a ƙauyukan, aikin da ya kai Bagega a 2013. Dalma ba ta ruɓewa a cikin ƙasa, kuma ƙurarta na maƙalewa a ganye da saiwa. Don haka duk gidan da aka taɓa sarrafa dutsen zinariya a cikinsa, kada a shuka a ƙasarsa kai tsaye. A yi amfani da buhuna ko tukwane, a cika su da ƙasar da aka ɗebo daga wurin da ba a aikin ma'adinai, a wanke ganye sosai kafin a dafa.

Ana kira ga malaman makarantu da shugabannin ƙungiyoyin mata da su riƙa karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba waɗannan littattafai, kuma duk wanda ya ari littafi ya mayar da shi a kan lokaci domin wasu su amfana.