Amfanin Zobe a Bakin Bututun Injin Ban-Ruwa

Manoman rani na ƙaramar hukumar Birniwa da sauran yankunan fadamar Kogin Haɗeja sun dogara ne ga ƙananan injinan ban-ruwa masu baki inci 2 ko inci 3, waɗanda suka yaɗu a Jihar Jigawa ƙarƙashin Shirin Fadama na Ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa a shekarun 1990. Ɗaya daga cikin matsalolin da ke addabar waɗannan manoma ita ce zamewar tiyo daga bakin bututun ƙarfe.

Idan bakin bututu sumul yake, ƙarfin ruwa kan ture tiyo ko da an ɗaure shi da roba. A ɓangaren da injin ke zuƙo ruwa kuwa, ɗaurin da ya yi sako-sako kan bar iska ta shiga, injin ya yi ta shan fetur ba ya tura ruwa, shuka tana ƙishi.

Maganin wannan shi ne tayar da ɗan zobe kewaye da bututun, kimanin milimita 6 daga bakinsa. A tura tiyo ya haye zoben, sannan a ɗaure kilif a bayansa, ba a kansa ba.

Ga bututu maras kauri, maƙeri zai iya haɗa abin aikin a gida. A sami filaya mai kullewa, a yi waldar guntun washa a leɓe ɗaya, a fafe kwari a ɗaya leɓen daidai da shi. Washar ta shiga cikin bututun, kwarin ya tsaya a waje. A riƙa matsawa ana juya bututun kaɗan-kaɗan, a zagaya sau da yawa. Matsawa da ƙarfi a karo ɗaya kan tsaga ƙarfen.

Bututun ruwa mai kauri ba ya lanƙwasuwa da filaya. A naɗa masa waya, a yi mata walda, a goge da magagari don kada kaifi ya yanke tiyo. A yi waldar a sarari, domin hayaƙin farin bututu yana cutar da huhu.

Muna kira ga malaman gona da masu unguwanni da su isar da wannan bayani ga manoma da masu walda kafin a fara aikin rani.