Zuma a Kan Naman Layya: Yaushe Ya Kamata a Shafa Ta?

Duk wanda ya taɓa yin Babbar Sallah a gabashin Sakkwato ya san yadda ake gasa ragon layya a can. Bayan an feɗe, sai a buɗe ragon a ɗaure shi a jikin sanduna, a kafa sandunan kewaye da wutar itace, nama yana shan zafi sannu a hankali tun daga hantsi har dare. A wata Sallah da na yi a gidan 'yan uwa a Shinaka, cikin Ƙaramar Hukumar Goronyo, wani ƙanena ya zo da shawarar a shafa wa cinya ɗaya zuma domin ta yi ja da ƙyalli. Ya shafa tun kafin wuta ta kama sosai. Wani dattijon barunje da ke taya mu aiki ya dube shi ya ce, "Ɗana, ka yi gaggawa. Zuma ba ta jiran nama." Ba a yi awa guda ba cinyar ta yi baƙi ƙirin, da aka tsaga kuwa, jini ne kwance kusa da ƙashi. Dattijon nan bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma maganarsa ta dace da abin da masana suka gano.

Me Ke Sa Nama Ya Yi Ja?

Ɗanyen nama ba shi da wani ƙanshin kirki, dafaffe a ruwa kuma launinsa toka-toka ne. Gashi da suya su ne ke kawo jan launi da ƙanshin da ke tsinka yawu. A shekarar 1912 wani likita masanin sinadarai ɗan ƙasar Faransa, mai suna Louis-Camille Maillard, ya lura cewa idan aka ɗumama sukari tare da amino asid, wato ƙananan tubalan da suka gina furotin, sai haɗin ya rikiɗe zuwa ruwan ƙasa. A 1953 wani masani a Amurka, John Hodge, ya tsara matakan da wannan sauyi yake bi, kuma har yau ana kiransa da sunan Maillard. Ɗaruruwan sinadarai masu ƙanshi ne ke fitowa daga gare shi. Shi ne ke bayan launin tsire da balangu, da ɓawon burodi, da soyayyar gyaɗa.

Wannan sauyi ba ya yin sauri sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyas. Ruwa kuwa yana tafasa ne a digiri 100, don haka muddin fatar nama tana jiƙe, zafinta ba zai wuce nan ba. Shi ya sa awannin farko na gashi suke tafiya wajen busar da bayan nama, sa'annan launi ya biyo baya.

Nama yana da furotin mai yawa, amma sukarin da ke cikinsa kaɗan ne. Wanda ya shafa masa zaƙi ya cike wannan giɓi ke nan, sai ja ya zo da wuri. Al'ummomi da dama sun san haka. Turawan Ingila da Amurka sukan lulluɓe cinyar da suke gasawa lokacin Kirsimeti da zuma ko jan sukari. Tasu ta alade ce, wadda ba cimarmu ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce. Mutanen Sin kuma suna shafa wa agwagwar Beijin ruwan sukarin hatsi kafin ta shiga tanda. Mu ma a nan wasu masu kilishi sukan ɗan sa zaƙi a cikin labu.

Zuma, Sukari da Mazarƙwaila

Ba kowane zaƙi ne halinsa ɗaya a gaban wuta ba. Farin sukari da mazarƙwailar da ake dafawa daga ruwan rake, akasarinsu sinadari ne mai suna sukuros. Shi sukuros ƙwayoyi biyu ne a ɗaure, gulukos da furuktos, kuma muddin suna ɗaure ba sa shiga sauyin Maillard. Sai zafi da tsami sun raba su. Wannan shi ne amfanin ɗan ruwan tsamiya ko lemon tsami a cikin haɗin.

Ita zuma, ƙudan zuma ya riga ya yi wannan aiki. Idan ya tsotso ruwan fure, yakan gauraya shi da wani inzayim daga jikinsa wanda ke tsinka sukuros gida biyu. Saboda haka a matsakaicin lissafi zuma tana ɗauke da furuktos kashi 38 cikin ɗari, gulukos kashi 31, ruwa kuma kashi 17. A shirye take da ta kama furotin nan take.

Akwai kuma sauyi na biyu, wanda ba ya bukatar furotin, wato narkewa da ƙonewar sukari shi kaɗai, irin wanda mai alewa yake gani a tukunyarsa. Sukuros yakan fara haka ne a wajen digiri 160, amma furuktos tun daga wajen digiri 110. Daga ja mai daɗi zuwa baƙi mai ɗaci, tazarar 'yan mintuna ce. Cinyar rago tana bukatar awanni kafin zafi ya ratsa ta zuwa ƙashi, domin nama ba ya saurin miƙa zafi daga waje zuwa ciki. Zuma kuwa mintuna kawai take bukata. A nan ne ƙanen nawa ya yi tuntuɓe.

Haɗarin da Ke Ciki

Asarar cinya guda ba ƙaramin abu ba ne ga magidancin da ya yi watanni yana kiwon ragonsa, amma akwai abin da ya fi asara. Zaƙi yana ruɗin ido. Mai gashi yakan auna nunar nama da launinsa, to idan zuma ta kawo launi tun ciki bai nuna ba, sai a sauke shi da wuri. Ƙwayoyin cuta irin su Salmonella, waɗanda kan samu nama wajen fiɗa ko a bakin wuƙa, suna iya tsira, su jawo amai da gudawa, musamman ga yara da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a dafa abinci har ya kai digiri 70, kuma kada a bar dafaffe a zafin ɗaki fiye da awa 2, domin tsakanin digiri 5 zuwa 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi hayayyafa.

Baƙin ɓawon nan ma ba abin ci ba ne. Idan nama ya babbake, ko kitse ya ɗiga a wuta hayaƙinsa ya koma kan nama, akan samu wasu sinadarai da gwaji a kan dabbobi ya nuna suna iya lalata ƙwayar halitta su haddasa ciwon daji. Abin da ya dace shi ne a kankare inda ya ƙone a zubar.

Yadda Za a Yi

Kayan haɗin ba sai an je nesa ba. Albasa da tafarnuwa suna cikin abin da aka san fadamun Wurno da Goronyo da shi, inda ruwan Gulbin Rima da na madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ke raya noman rani. Ga cinya ɗaya, a samu zuma cokali 4, ruwan tsamiya mai kauri cokali 2, man gyaɗa cokali 1, da dakakkiyar citta, kanumfari, tafarnuwa da gishiri daidai bukata. A ɗumama su a ƙaramar wuta har su haɗe. Wanda bai samu zuma ba ya narka mazarƙwaila a cikin ruwan tsamiyar. Ita ta fi haƙuri da wuta.

A gasa naman da gishiri kawai har ya kusa nuna. A soka wuƙa mai tsabta kusa da ƙashi: idan ruwan da ya fito garai yake, babu ja, lokaci ya yi. Daga nan a jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya rage, sai a shafa haɗin siriri-siriri sau biyu ko uku a cikin minti 15 zuwa 20 na ƙarshe, ana juyawa, ba a barin wurin. Kada a taɓa gasasshen nama da abin da ya taɓa ɗanye.

Abu na ƙarshe, a shafa wa abin da za a ci a ranar kawai. Zuma tana daɗewa ba ta lalace ba saboda ƙarancin ruwanta, amma siririn shafin da ke kan nama yana janyo laima daga iska, ga ƙudaje da tururuwa. A shekarun da layya ta faɗo cikin damina abin ya fi muni, nan da nan fumfuna take kamawa. Naman ajiya, gishiri da suya da bushewa su ne gatansa, kamar yadda iyayenmu mata suka saba.

Kammalawa

Mai karatu zai ga cewa duk bayanin nan ya tattaru ne a kan lokaci. Nama yana so a yi masa a hankali, zaƙi kuma yana so a bar shi sai ƙarshe. A Sallar da ta biyo baya ƙanen nawa ya ajiye kwalbarsa har bayan la'asar, dattijon barunjen ya soka wuƙa ya duba, sa'annan ya ce, "To, yanzu kawo." Allah ya maimaita mana.