Farin Garin Da Ke Kan Ganyen Kubewa: Ƙura Ce Ko Cuta?

Da zarar hunturu ya kama, masu lambu sai su ga ganyen kubewa da kabewa ya yi fari kamar an barbaɗa masa garin tuwo. Abin da aka fi ji shi ne, "Ai ƙurar hazo ce, iska za ta share ta." Maganar nan tana damuna ƙwarai, domin kafin mai lambu ya farga ganye ya bushe, 'ya'ya sun tsumbure.

Ƙura kan sauka ko'ina bai ɗaya, har kan bokitin ban-ruwa. Wannan kuwa dabbare-dabbare take farawa, ɗigo zagayayye kamar kwabo, galibi a tsofaffin ganyen ƙasa da ke cikin inuwa. Ka shafa da yatsa ta goge, bayan 'yan kwanaki ta dawo wurin nan. Fumfuna ce mai rai. Zarenta yana shimfiɗe a kan ganye, tana cusa 'yan bakunan tsotso cikin fatarsa. Farin garin kuma irinta ne, ƙwaya bisa ƙwaya kamar carbi idan aka duba a madubin likita, iska ke kwasarsu zuwa lambun maƙwabci.

Wasu kan ɗora laifin a kan yawan ban-ruwa. Ba haka ba ne. Yawancin cututtukan ganye sai ganyen ya jiƙe suke tsira, amma irin wannan yana tsira a busasshen ganye, ruwan sama mai ƙarfi ma wanke shi yake yi. Abin da take so shi ne zafi matsakaici, wajen digiri 20 zuwa 27, da dare mai laima, da shuka a cunkushe. Masu cewa yawan takin yuriya yana ƙara ta kuwa sun yi gaskiya, don ɗanyen toho ne abincinta.

Shin wadda ke zubar da hudar mangwaro ita ke sauka kan kabewa? A'a. Dangin suna da nau'i kusan 900, kowanne da tsirran da yake ci, ba kuma ya girma sai a jikin tsiro mai rai. Amma tsakanin kabewa da kankana da kokwamba tana tsallakawa. Ta tattasai da tumatir, Leveillula taurica, ta fi ruɗarwa, don a cikin ganyen take zama. A sama rawaya-rawaya kawai za ka gani, sai ka juya bayansa ka tarar da garin.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne wajen magani. Akwai wata cutar mai kama da ita, mai son damina, wadda ke yin gashi-gashi ruwan toka a bayan ganye. Ba danginsu ɗaya ba, kuma sinadarin metalaxyl da ke maganin waccan ba ya taɓa wannan. Farar wuta kuwa da gaske tana aiki. An ga cutar farin garin a inabin Ingila a 1845, bayan ta tsallako daga Arewacin Amurka, zuwa 1854 ta durƙusar da gonakin inabin Faransa, kuma da farar wuta aka shawo kanta. Sai dai idan zafi ya haura digiri 32 farar wutar tana ƙona ganye, don haka a fesa da yamma liƙis, a fara gwadawa a kan 'yan tsirrai kaɗan tukuna.