Karatun Damina a Birnin Landan

Malamai da yawa sukan tambaye ni ko akwai amfani mutum ya bar gonarsa da iyalinsa da damina, ya tafi Ingila karatun 'yan makonni kurum. Lalle akwai, amma sai in ya san lokacin zuwa.

Marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa shekara guda ya samu a sashen ilmi na Jami'ar Landan, daga 1945 zuwa 1946. Mu kuwa da ake ba ɗan gajeren kos, kowace rana tsada gare ta.

Lokacin zafinsu yakan zo daidai da daminarmu, watau daga Yuni zuwa Agusta. Yini yana da tsawo ƙwarai, har a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9. Saboda haka bayan an tashi lacca, akwai sauran lokacin shiga ɗakin karatu.

To, ga kuskuren da na yi. Ban sauka ba sai ƙarshen Yuli, alhali makarantun yara sun yi hutu, ba su komawa sai farkon Satumba. Na sha lacca a kan koyar da karatu, amma ban ga malami ko ɗaya a gaban yara ba, sai kujeru. Da na komo kwalejinmu, ɗalibaina suka ce, "Malam, yaya suke koyarwa?" Na rasa ta cewa.

Wanda duk ya sami wannan dama, ya roƙi a tura shi tun a Yuni, ya zauna a bayan aji ko da na mako ɗaya ne. Gani ya kori ji. Allah ya sa mu dace.